Gem ɗin dara, da takardar da babu wanda ya so karantawa

Tun bayan babbar sallah nake cewa zan rubuta wannan abin ban samu zama ba, sai yau da na taso daga dawam, wato wajen aiki, da wuri kuma zafin Jidda bai bar mutum ya leƙa ko ƙofar gida ba, na ce toh bari in zauna in sauke shi kafin in manta yadda abin ya faru.

Ni dai aikina ba na gem ba ne. Wani ƙaramin kamfani nake wa aiki da ke haɗa wa 'yan kasuwa manhajar sito da lissafin kaya, kuma ko kod ɗin ma, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi, ba ni nake rubutawa ba yawanci, ni ne wanda ake turawa ya zauna da mai kaya ya yi ta yi masa tambaya har ya gaji da ni, me kake so manhajar ta yi, in kaya suka shigo babu rasit fa, in yaron shago ya yi kuskure wa ke da ikon gogewa, sannan in dawo ofis in jera amsoshin ɗaya bayan ɗaya da lamba in miƙa wa masu kod. Shi ake kira injiniyancin buƙatun manhaja. Sunan ya fi aikin girma, gaskiya, yawancinsa naci ne da rubutu.

Ƙanena shi ne ɗan gem. Ya koyi Godot, wani inji ko manhajar da ake gina gem a kanta, da kansa a YouTube, kuma tun da aka fara maganar kuɗin da ƙasar nan ta Saudiyya ke zubawa a harkar ya daina barin kowa ya huta. Ba laifinsa ba ne kuma, a 2022 aka sanar da tsarin ƙasa na gem da gasar gem mai burin samar da ayyuka 39,000 zuwa 2030, a 2023 kamfanin Savvy Games na Saudiyya ya sayi kamfanin gem na Scopely a kan dala biliyan 4.9, a 2024 aka fara gasar duniya ta gem a Riyad, yaro yana ganin wannan ai dole kansa ya ɗau zafi. Da azumin bana bayan tarawihi muna zaune a Makka wajen Shara Mansur muna cin sirya, wato tsirenmu dai da mutanen Hijaz suka ara har da sunan, ni da shi da wani abokinsa mai zane, sai suka yanke cewa za su yi gem ɗin dara na jawwal, wato wayar hannu. Na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da cin namana. Duk tsarin da suka yi a bakin nan ne, sai kuma 'yan saƙonnin murya a WhatsApp.

Sati uku bayan nan ƙanena ya kira ni ransa a ɓace. Ashe shi ya zauna ya rubuta kod ɗin darar nan mai gurbi 12 da ake ɗiban 'ya'ya ana zubawa ɗaya-ɗaya ana zagayawa, shi kuma mai zane ya ɓata dare da rana yana zana fili mai gurbi 30, biyar sau shida, da kara da tsakuwa, darar da ake jera uku a ci. Kowa a cikinsu dara ya yi, kowa yana da gaskiya, kuma aikin sati uku na mutum biyu babu inda ya haɗu. Dara ta ci gida tun ba a fara buga ta ba.

Nan na shigo, da ɗan girman kai ma, na ce ku matsa ku ga yadda ake aiki.

Abin da na fara yi shi ne shafin ma'anar kalmomi, wanda a ofis muke raina shi amma kullum shi ke cetonmu. Dara a wannan takarda tana nufin mai gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Zubi yana nufin zangon farko da ake ajiye 'ya'ya bi da bi har su ƙare, gurbi 6 su rage babu kowa. Tafiya tana nufin matsar da ɗa ɗaya gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ci yana nufin ka jera uku ka cire ɗa ɗaya na abokin wasa. Layi huɗu ke nan, da an rubuta su a daren siryar nan da ba a yi asarar sati uku ba.

Daga nan kuma sai na wuce gona da iri. Masu yin gem suna da tasu takardar da suke kira GDD, takardar tsarin wasa, inda ake ba da labarin gem ɗin, duniyarsa, yadda ake buga shi, irin zane da sauti. Mu kuma masu manhaja muna da tamu, takardar buƙatu, wadda ma'aunin IEEE 830 na 1998 ya daɗe yana tsara yadda ake rubuta ta kafin ISO/IEC/IEEE 29148 ya gaje shi a 2011. Sai na ce bari in haɗa biyun, na kwashe dare biyar na fito da shafi arba'in da wani abu, da babi-babi da ƙananan babi, na tura musu a guruf ina jiran yabo. Ƙanena ya turo hoton babban yatsa bayan minti ɗaya. Minti ɗaya fa, shafi arba'in! Mai zane ko buɗewa bai yi ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai shi ne ba ni na fara ba. A 1992 Tom Hall ya rubuta wa gem ɗin Doom takarda mai kauri da labari da sunayen jarumai da tarihinsu, abokan aikinsa suka ajiye yawancinta gefe, gem ɗin ya fito a Disamba 1993 ba tare da mafi yawan abin da ke cikinta ba. GTA ma da kuke gani, takardarsa ta farko a 1995 can a Dundee ta Sikotilan sunanta Race'n'Chase, kuma abin da ya fito a 1997 ya yi nisa da ita. Shi gem haka yake, sai ka taɓa shi da hannu kake sanin ko yana da daɗi, ba kamar manhajar sito ba da mai kaya ya san tun farko yana son ya san katan nawa suka rage. Wani mai tsara gem, Stone Librande, ya yi magana a taron masu yin gem na GDC na 2010 cewa a rinƙa yin tsarin a shafi ɗaya mai zane a manna a bango tunda mutane ba sa karanta dogon rubutu, shi na kwaikwaya daga baya, na sa mai zane ya zana filin dara a babbar takarda da kibiyoyi da 'yan kalmomi, muka manna a ɗakin ƙanena kusa da kandishan.

Amma shafi ɗaya ba ya amsa tambayar da kod ke yi, kuma nan ne nake ganin aikina yana da amfani ga masu gem. Mutum yana iya buga dara shekara hamsin da dokokin da bai taɓa furtawa ba, in an zo wajen da babu doka sai a yi musu a yi dariya a ci gaba. Kwamfuta ba ta musu, ko ka gaya mata ko ta tsaya cak. Don haka na ɗauki littafi na tafi wajen wanda a ofis za mu kira mai ruwa da tsaki, wato Kawu, wan mahaifiyarmu, wanda ya fi shekara arba'in a Makka kuma har yanzu in ya samu abokin yi bayan la'asar sai an zana gurabe. Na same shi da wani dattijo amininsa wanda iyayensa ta Sudan suka biyo, a Maiwurno aka haife shi. Na gaishe su na zauna a ƙasa na fara.

Kawu, in mutum ya jera uku tun a wajen zubi fa? Ya ce ba a yi, haramun ne a dara. Na rubuta. In ya jera huɗu? Ya ce huɗu ba ci ba ne. Na ce to an hana shi yin tafiyar ne gaba ɗaya ko kuwa zai iya yi amma ba zai ci ba? Sai ya yi shiru ya dubi amininsa. Kawu ya ce an hana, Baba na Maiwurno ya ce a'a Alhaji, yana iya yi, asararsa ce kawai. Na ce in tafiya ɗaya ta haɗa jeri biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ɗa nawa zai ci? Kawu ya ce ɗaya, Baba ya ce biyu mana, ai wahalarsa ce. Na ce ana iya cire ɗa daga cikin jerin uku da abokin wasa ya riga ya kafa? Nan kam sai da aka ajiye kofin shayi. Sun fi minti ashirin suna yi, kowa yana kawo sunan wanda ya koya masa a matsayin hujja, ni kuwa ina ta rubutu ina jin daɗi a raina don kowace gardama a nan wata matsala ce da za ta fashe a hannun ƙanena bayan wata biyu da ba a tono ta yanzu ba. Da na tambayi me ake yi in mutum ya toshe ba shi da tafiya ko ɗaya, Kawu cewa ya yi kai ɗan nan ka cika tambaya kamar ɗan jawazat, wato jami'in duba fasfo.

Da na dawo na yi watsi da shafi arba'in ɗin na buɗe teburi ɗaya a Google Sheets. Kowane layi buƙata ɗaya, da lambarta, da wanda ya faɗe ta, da dalili, da yadda za a gwada. Misali D-07 na cewa: a zangon tafiya, in ɗan wasa ya taɓa gurbin da zai haɗa masa huɗu a jere, gem ɗin zai ƙi karɓa, ɗan ya koma inda yake, a nuna layin huɗun da ja na daƙiƙa ɗaya. Wanda ya faɗa, Kawu. Gwaji, a jera fili kaza a gwada tafiya kaza a ga ya ƙi. Sai D-08 a ƙarƙashinta: akwai zaɓi a saitin da zai mayar da dokar irin ta Baba. Ban zaɓi ɓangare ba, ina ni ina raba dattawa, amma na rubuta wacce ce ke kunne in mutum bai taɓa komai ba, kuma ta Kawu ce saboda shi nake gani kowace Juma'a.

Ka'idar da na matsa musu a kai guda ɗaya ce, in ba za a iya gwada jimla a ce ta cika ko ba ta cika ba, to fata ce kawai muka rubuta. Ƙanena ya rubuta wai gem ɗin ya zama mai sauri. Na ce sauri kamar yaya, a wace waya? Shi yana gwadawa a tasa sabuwa, alhali mutanen da muke yi dominsu irin wayar Kawu ke hannunsu, tsohuwar Android mai ram giga 2 da gilashi a tsage kuma cike da bidiyon wa'azi. Sai muka mayar da ita: a wayar Kawu, in ana wasa da kwamfuta, kada ta wuce daƙiƙa 2 ba ta yi tafiyarta ba. Haka muka bi sauran abubuwan da ba dokar wasa ba ne amma su ke kashe gem, ya yi aiki babu intanet, girmansa kada ya wuce mega 60, in an kira sallah mutum ya kulle waya ya jefa aljihu ya dawo bayan rabin awa ya samu filin yadda ya bar shi, in kira ya shigo haka nan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo a hirar sirya.

Maganar harshe kuwa ita ta fi ba ni mamaki da ban tuna ta da wuri ba. Yaranmu da aka haifa a nan da yawansu Hausa a baki take, karatu kuwa da Larabci suka yi, boko yana musu wuya, dattawa kuma wasu akasin haka. Ke nan gem ɗin dole harshe biyu, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama. Sa'ar da muka ci Godot 4 da ya fito a 2023 yana iya haɗa haruffan Larabci da juya rubutu da kansa, amma duk da haka sai an rubuta me zai juya me ba zai juya ba, maɓallai da kibiyar komawa baya su juya, filin dara kada ya motsa. Sannan font ɗin, wato samfurin haruffan, da mai zane ya zaɓa mai kyau ne ƙwarai sai dai ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, ranar farko da muka kunna sai ga kalmar ɗan wasa ta fito da akwati a gabanta. Yanzu akwai layi a teburin da ke cewa duk font ɗin da za a saka sai an gwada shi da jimlar da ta ƙunshi haruffan nan manya da ƙanana.

Sai kuma kwaɗayi. Kowane dare ƙanena da sabon tunani, a sa wasa ta intanet da mutanen Kano, a sa teburin zakaru, a sa tsabar zinare da ake saye, a mayar da 'ya'yan dara dawakai masu motsi. Ban hana shi ba don in ka hana mai tunani tunani ya daina kawowa, na dai ƙara shafi a teburin mai gida huɗu, irin wanda muke yi a ofis: dole, ya kamata, in an samu hali, ba yanzu ba. Duk abin da ya kawo a rubuta a ba shi lamba a sa shi a gidansa. Na ba shi labarin Duke Nukem Forever da aka sanar a 1997 aka yi ta canja inji ana ƙara abubuwa bai fito ba sai 2011, ya ce Yaya ai mu ba za mu kai haka ba, na ce su ma haka suka ce. Gidan ba yanzu ba ya fi sauran ukun cika a yau.

Ranar da samfurin gwaji ya tashi muka kai wa Kawu. Duk layukan dole sun ci gwaji, na bi su ɗaya-ɗaya na sa musu kore, ina ji da kaina. Ya sa tabarau ya buga wasa ɗaya da kwamfuta, ya cinye ta, ya miƙo wayar ya ce dokoki dai sun yi daidai amma wannan darar kurame ce. Na ce kamar yaya Kawu? Ya ce kai ka taɓa ganin an ci mutum a dara an yi shiru? Ya nuna min da hannu yadda ake ɗaga kara a soka shi a gurbi da ƙarfi, a tsaya a dubi abokin wasa ido cikin ido, a yi ta shawagi da hannu a kan 'ya'yansa kamar shaho kana ja masa rai kafin ka ɗauke wanda ya fi ji da shi, 'yan kallo suna ihu. A namu kuwa da ka jera uku sai ɗan kawai ya ɓace, kwamfutar kuma ta mayar da martani nan take ko numfashi ba ta yi ba, ya ce wannan ma raini ne, ko yaro in yana wasa da babba yana yin kamar yana tunani.

Wallahi ranar na yi sanyi, don teburina babu gurbin wannan. A manhajar sito babu wanda ya taɓa ce min yana son ya ji wani abu a ransa in ya danna maɓallin ajiye rasit. Da na koma bincike sai na ga wasu sun riga ni cin karo da shi, David Callele da abokan aikinsa biyu a Jami'ar Saskatchewan ta Kanada sun bi rahotanni 50 da masu gem suka rubuta a mujallar Game Developer bayan sun gama aiki, suka nuna a 2005 cewa matsala mai yawa tana faruwa ne a wajen tsallakawa daga takardar tsari zuwa ainihin ginin, inda abin da mai tsari yake nufi ba ya isa ga mai kod. Su ne kuma suka kawo shawarar a rinƙa rubuta buƙatun motsin rai, wato abin da ake so ɗan wasa ya ji da kuma hanyar da za a bi a sa shi ya ji. Akwai ma wani tsarin da ake kira MDA tun 2004 da ke cewa mai tsari daga dokoki yake farawa ya nufi abin da za a ji, shi kuwa ɗan wasa daga abin da ya ji yake farawa. Ni na tsaya a dokoki, Kawu ya shigo ta ɗaya ƙofar.

Sai na ƙara wani irin layi mai kashi uku. Niyya: wanda ya ci ya ji ya isa, wanda aka ci ya ji zafi amma ya so ramawa. Hanya: in an jera uku a ji ƙarar soka kara, wayar ta ɗan girgiza, wasa ya tsaya, 'ya'yan abokin wasa da za a iya ci su yi haske, mai ci ya zaɓa da kansa ba tare da an matsa masa da agogo ba, sannan akwai maɓallin ba'a da jimloli shida da muryar mutum. Yadda za a gane: a ba mutum biyar da suka iya dara su buga, mu zauna gefe mu yi shiru, in aƙalla uku suka nemi a sake ba tare da an ce musu ba to ta cika. Na san wannan gwajin ba irin na ofis ba ne, shugabana da ya gani dariya zai yi, amma ya fi a rubuta gem ɗin ya yi daɗi a tafi. Ita kuma buƙatar saurin nan sai da muka yi mata ƙasa da sama, kwamfuta kada ta wuce daƙiƙa 2 kuma kada ta gaza daƙiƙa 1, ko da ta gama lissafinta tun tuni ta zauna ta yi kamar tana tunani saboda mutuncin Kawu.

Amfanin lambobin nan ya fito a makon jiya. Baba na Maiwurno ya shawo kan Kawu a kan maganar jeri biyu, wai yanzu biyu za a ci. Da a saƙon murya muke da sai ƙanena ya gyara wuri ɗaya ya manta sauran, amma da na duba D-11 sai ga layuka biyar da ke rataye da ita, lissafin da kwamfuta ke yi wajen zaɓen tafiya, darasin koyar da sabon shiga, sautin ci, da gwaji biyu. Awa ɗaya ya gyara duka. Takardar bangon ce muka manta, har yanzu tana cewa ɗaya, mai zane ya ce sai ya zo Jidda ranar Alhamis.

Muryar ba'ar ce ta rage. Mun so mu ɗauki ta Kawu da kansa, ya yarda, muka kunna rikoda a ɗaki muka rufe ƙofa muka kashe kandishan saboda ƙara, sai ya rinƙa karanta jimlolin kamar mai sanarwar filin jirgi. Ƙanena ya ce Kawu da ɗan zafi mana, ya ce zafin me, wa na ci? Don haka Juma'a mai zuwa za mu zana gurabe a tsakar gida mu kira Baba, in ɓoye wayar a ƙarƙashin tiren shayi. Na riga na ba abin lamba, S-04, a gidan dole.